Kafintan da Ba Ya Fasa Ƙofa

A danginmu in aka ambaci Baffa Kafinta, ba kujerun da ya ƙera ake tunawa ba, don yawancinsu kafin shekara ta zagayo sun gurgunce. Ƙofofin da ya cire ake tunawa.

Shi kotu ke kira duk ranar da za a fitar da ɗan hayar da ya ƙi tashi. Masinjan kotu ya riƙo takarda, 'yan sanda su tsaya suna hamma, Baffa ya iso da jakarsa. Sauran kafintoci guduma suke sa wa ƙofa, magana ta ƙare. Shi kuwa sai ya durƙusa da sukudireba, ya kwance noti ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle su a tsumma, ya jingine ƙyauren a inuwa. In masinja ya ƙosa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, alƙali cewa ya yi mutum ya fita, bai ce gidan na wane ne ba. Gobe ana iya cewa a mayar." Tun da ya fara aikin ba a taɓa cewa a mayar ba, amma bai fasa ƙulle notin ba.

Shi ma haya yake, a gidan da mai shi ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, Babba da Ƙarami. Babba ya ce uban ya ba shi gidan tun yana raye. Ƙarami ya ce a bakinsa ya fara ji. Shari'a ta miƙe. Kowanne ya gargaɗi Baffa kada ya kuskura ya kai wa ɗayan kuɗin haya, shi kuma da yake mutum ne mai biyayya, ya bi umarnin su duka biyun. Babba ya kai shi ƙara daban, ya kuma yi nasara: a fitar da ɗan haya. Shari'ar mallakar gidan kuwa aka ɗaga ta, kamar kullum.

Ranar fitarwa masinja ya zo yana sosa ƙeya. "Baffa, wallahi da kunya. In nemo wani kafintan?"

"Ya fasa min ƙofa? Ni fa na ƙera ta."

Goggo, matarsa, tana zaune a kan ƙullin kaya a bakin titi. Ta ce, "Bi ta a hankali, Malam, kada ta ji ciwo. Ka kai ta inuwa. Mu ai ba katako ba ne, rana ba ta lanƙwasa mu."

Baffa ya durƙusa da sukudireba. Ya kwance, ya ƙulle, ya ɗauki ƙofarsa a ka. Suka koma ɗan ɗakin ajiya na bayan shagonsa, mai yoyo ta ko'ina sai kusurwa ɗaya, kuma ƙofar ce ta samu kusurwar.

Babba ya sayo sabuwar ƙofa, amma kafin a kafa ta lauyan Ƙarami ya samo umarnin kada kowa ya taɓa gidan sai an gama shari'a. Awaki dai ba su ji umarnin ba, suka tare. Ɓarayi suka bi baya, suka kwashe tagogi da wayar wuta da kan famfo. 'Yan'uwan suka ga abin da suke rigima a kai yana ƙarewa a gaban idonsu. A karon farko bakinsu ya zo ɗaya: a sa maigadi, amma wanda ba ya bayan kowa. Aka duba gari kaf, ba a samu wanda ya nuna rashin son kai kamar mutumin da ya hana su haya su biyun ba.

Masinjan nan dai aka turo ya ce wa Baffa ya koma gidan da ƙofarsa. Baffa ya kwance tsumman notin. "Ban gaya maka ba? Ga shi an ce a mayar."

Goggo ta shigo tana korar akuya daga ɗakinta. "To yanzu mu mene ne a gidan nan?"

"Ni maigadi ne, har a yanke hukunci."

"Ni kuma fa?"

"Ke kina cikin kayan da nake gadi."

Har yau suna ciki. Duk zaman kotu Baffa yakan sa farar rigarsa ya je ya zauna a bencin baya. In ya dawo ya ce an sake ɗagawa, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah dai ya kawo ƙarshen wannan shari'a." Goggo takan duba rufin ɗakinta da ba ya yoyo, ta ci gaba da ɗinkinta. Ba wanda ya taɓa jin ta ce amin.