Katin Gahawa a Jikin Firji

A shekarata ta uku a jami'a a Greensboro, wajen tsakiyar shekarun casa'in, wuyana yana hannun wani dattijon farfesa. Shi ke duba aikin digirina, shi ne kuma zai sa hannu a sabunta mini ɗan aikin koyarwar da ke riƙe da takardun zamana. In bai sa ba, ni da matata mu tattara komatsanmu mu koma Kano hannu rabbana. Takardar sabuntawar ta yi wata guda tana jiran sa hannunsa. Kullum na tuna masa sai ya ce zai duba, ya koma kan abin da ya dame shi.

Abin da ya dame shi kuwa katunan tallar gahawa ne. Wasu 'yan kwalaye ne da ba su kai tafin hannu ba, waɗanda 'yan kasuwa ke cusawa cikin ƙunshin gahawa shekara ɗari da suka wuce, gaba zanen barkwanci, baya sunan kamfani. Abin da kakanninsa suka share suka kai bola, shi wannan bawan Allah ke bin kasuwannin gwanjo yana tsintowa. Mutum da furfura da jikoki! Na raina wannan sha'awa tun ranar da na fara jin labarinta, har yau kuma ban fasa ba.

Wata Asabar ya ce in zo gidansa a Irving Park in ga tarin, in taho da takardar. Na hau bas daga unguwarmu Glenwood, na ƙarasa da ƙafa, don unguwarsa ba a gina ta domin marasa mota ba. Ya kai ni wani ɗaki da ya fi falona girma, ya wanke hannu, ya sa farar safar hannu kamar mai shirin karɓar haihuwa, sannan ya buɗe kundin katunan.

Ga kyanwa da hular malafa tana zuba gahawa. Ga wani ƙaton mutum ya faɗa cikin baho, ƙafafu sama, amma kofinsa bai zube ba. Ga tsohuwa ta biyo mijinta da tsintsiya. Kowane ɗaya sai ya ɗago shi da hantsaki, ya yi dariya har da share ƙwalla, ya gaya mini garin da ya samo shi. Ni kuwa ina ta yaƙe, takardata na naɗe a aljihu.

Sai ya juya wani shafi. Baƙin mutum ne, leɓe ja ya cinye rabin fuska, ƙashi a hanci, bante na ciyawa. Ya ɗauko buhun gahawa a ka, biri na zaune bisa buhun yana kurɓa daga kofi, shi kuma ɗan dakon ya washe haƙora duka waje.

"Dubi launin nan," in ji farfesa. "Ko kaɗan bai koɗe ba. Da wuya ka sami irinsa."

Jinina ya tafasa. To amma mu an tarbiyyantar da mu ba a kallon babba ido cikin ido, balle in ranka ya ɓaci. Sai ka sunkuyar da kai har abin ya wuce. Na sunkuya, kuma ba abin da ke ƙarƙashin idona sai katin. Na daɗe a haka. Shi da digirorinsa duka, abin da ya karanta a shirun nan shi ne katin ya burge ni.

"Ai na ga ya shiga ranka," ya ce. "Ina da biyu. Riƙe wannan."

Ba a mayar da kyautar babba. Hannuwana ma ba su jira shawarata ba, duka biyun suka miƙe. Na rusuna, na ce na gode. Nan take ya ce ina takardar nan, ya cire safar, ya rattaba mata hannu.

Da na koma gida matata na yankan albasar da muka sayo a High Point Road.

"Sufabaizan naka ya yi sainin?"

"Ya yi."

"Alhamdu lillahi. Mene ne wannan a aljihunka?"

Na miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana kallo.

"Ka ce masa me?"

"Na ce na gode."

"Har da rusunawa?"

Ta ɗauko maganaɗisun da muke maƙala jadawalin salla da shi, ta manna katin a ƙofar firji. Na ce ta cire, baƙi na zuwa, leɓen nan kaɗai abin kunya ne.

"Ni ba leɓen ne ya dame ni ba, Malam," ta ce. "Haƙoran ne. Da irinsu ka shigo."

Shekara biyu katin ya yi a wurin, har na karɓi digirina. Ban taɓa samun ƙarfin hannun cire shi ba.