Nei Tiebane, Mai Noman Kabeji a Cikin Ruwa

Kafin rana ta yi zafi a garinmu Bikenibeu, da ke kan wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, Nei Tiebane ta riga ta zaga gida biyar ko shida. Ba ta doguwar gaisuwa. Da ta yi sallama sai ta zarce bayan gida inda tsofaffin kulolin ƙanƙarar da ake shuka a cikinsu suke, ta ɗaga murfi, ta leƙa saiwoyi, ta tsoma yatsa a ruwan ta ɗanɗana. Sai ta gama wannan take tambayar lafiyar yara. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan zagaye, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye ta koma tsibirinsu, Abemama, domin gwiwoyinta sun gaji. Tun da na ji labarin, wallahi hankalina bai kwanta ba.

Ƙafar mijina Tebano ce ta haɗa mu. Ciwon suga ya sa aka yanke masa yatsa biyu a ƙafar hagu, gyambon kuma ya ƙi rufewa. Nas ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: ya sha magani, ya rage farar shinkafa da shayi mai zaƙi, ya riƙa cin ganye kullum, in ba haka ba nan gaba daga gwiwa za a yanke. Da ƙafar nan fa yake hawa bishiyar kwakwa, da ita yake tura kwalekwale, da ita muke ci! Ganye kuma a ina? Ƙasarmu yashi ce da tsakuwa, duk sanda teku ta yi tumbatsa sai gishiri ya ƙone abin da aka shuka. Kabejin da jirgi ke kawowa kuwa na masu albashi ne.

Nas ɗin ce ta turo mana Nei Tiebane. Ta iso a kan tsohon kekenta, ta sa na ɗauko kular kifin da muka daina amfani da ita, ta huhhuda murfin, ta jera ƙananan kofuna cike da zaren ɓawon kwakwa, ta sa iri a kowanne. Ta cika kular da ruwan saman da muka tara a tankinmu, ta auna takin ruwa da cokali ta zuba. Tebano yana kishingiɗe a tabarma yana kallon ikon Allah.

"Inna," ya ce, "ganye ai abincin alade ne."

"Haka ne, ɗana," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Ka taɓa ganin alade mai ƙafa uku?"

Ya gyara kwanciya, ya juya mana baya. Ni kuma ta ja kunnena da doka guda: "Meere, ruwan sama kawai. Ko ɗigon ruwan rijiya kada ya shiga kular nan, zartsi ne."

Mun ƙara kula biyu, mun ci girbi biyu, gyambon ya fara bushewa daga gefe, sai fari ya kama. Wata huɗu ba ruwa. Kullum sai na ƙwanƙwasa tankin nan in ji inda ruwan ya tsaya. Ana haka sai ga Baffa Kaiea, ƙanen mahaifin Tebano, da jarkoki a mota. Jikansa zai cika shekara ɗaya, za a yi gagarumin biki, rijiyarsu kuma ba ta shayuwa. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce, "Bubuti na zo yi." Kowa a nan ya san wanda aka yi wa bubuti, wato roƙon al'adarmu, ba ya cewa a'a, ko rigar jikinsa aka roƙa. Da hannuna na buɗe masa famfon, ina murmushin dole. Abin da ya bari da ƙyar ya isa sha.

Da ruwan kuloli ya ja baya, na ce a raina rijiyarmu ai ba ta kai ta wasu gishiri ba, mu ma muna shanta in ta kama. Na ɗebo na cika su. Kwana uku ganye ya langwaɓe, fararen saiwoyin nan suka koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Nei Tiebane ta zo, ta tsoma yatsa, ta tofar.

"Rijiya ce, Meere."

Sai kawai na fashe da kuka. Na gaya mata zancen Baffa Kaiea, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi ƙafar Tebano da ke naɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanke kulolin tas. Ina zuwa."

Abin da ya biyo baya maƙwabciyata Nei Aroita ce ta gani da idonta. Nei Tiebane, matar da tsawon zamanta a garin nan ba ta taɓa roƙon ko ashana ba, ita ce ta bi gida goma sha ɗaya tana bubutin ruwan sama, kwalba biyu nan, jarka ɗaya can, a tsakiyar fari, domin mijin wata. Ta san sarai abin da take jawo wa kanta, domin duk wanda ka yi wa bubuti, ranar da ya zo da nasa ba ka da bakin hanawa. Kafin la'asar ta cika mana kula uku, muka sake shuka. Ba a rufa mako biyu ba wani daga cikin gidajen nan ya zo ya yi bubutin kekenta. Ta miƙa masa. Tun daga ranar a ƙafa take zagayenta, da gwiwoyin nan nata.

Mako biyar muna jiran sabon ganye, kowace ranar asibiti ina kallon fuskar nas kafin in kalli gyambon. Ban ce kabeji kaɗai ya yi aikin ba, magani ma ya yi nasa. Amma a wata na huɗu da sake shukar gyambon ya rufe, kuma jiya da safe daga saman bishiyar kwakwa Tebano ya ƙwala mini kira in ɗora ruwan zafi.

Nei Tiebane, ke ce kika ba da ƙafarki domin ta mijina ta tsira. Uwar masu lambun kula, na gode, Tebano ya gode, ko da yake har yau yana yatsina fuska in ya ga kabeji a kwano. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya sanyaya miki gwiwoyin nan.

Amma ina tsoro. Ana ta raɗe-raɗin wani farin na tafe, ga masu ciwon suga a kusan kowane gida, ni kuwa na tsoma yatsa na ɗanɗana ya fi sau ɗari, harshena bai iya rarrabewa kamar nata ba. Saura kwana goma sha shida jirginta ya tashi. Duk mai tsohuwar kula ko bokiti a bayan gida, ya wanke ya kawo gidanmu ranar Asabar da safe, za ta koyar na ƙarshe. Wanda ya koya kuma ya ɗauki gida biyu ya riƙa zagawa a madadinta. Ni Meere ban taɓa roƙon kowa ba a unguwar nan, amma yau ga ni gabanku: bubuti nake yi.