Ƙusar Kabuga

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ranar Laraba, ni da yayana ne kaɗai a shagon ɗinkinmu na Mandawari, sai waya ta yi ƙara. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, kuma duk layinmu mu kaɗai ke da tarho. Mutane su bugo, in rubuta saƙo a takarda, in soke a ƙusa.

Da can ƙusa ɗaya ce. Kowace takarda ina sa mata lamba, mai keke ɗaya yana kai su bi da bi, ba tsallake. Yaya ya ce wahalar ta yi yawa: mutum ya je Mazugal, ya tafi Kabuga, ya sake komawa Mazugal. Sai ya kafa ƙusa uku, kowace unguwa da tata, kowace da mai ɗaukar ta. Ta Kabuga wani masinjan ofis ne ke ɗauka, idan ya taso ƙarfe biyu.

Mai bugowar ya ce matarsa ta haihu a asibiti, jini bai tsaya ba, a gaya wa 'yan'uwanta a bayan Ƙofar Kabuga su zo a ɗibi nasu. Na rubuta, na soke, na koma kan keken ɗinki. A ganina na gama nawa.

Aka ɗebe na Mandawari. Aka ɗebe na Mazugal. Biyu ta yi, biyu da rabi ta wuce, takardar tana nan ita kaɗai.

Na ce, "Yaya, da ƙusa ɗaya ce da tuni ta fita."

Ya ce, "Da ƙusa ɗaya ce, takwas ne a gabanta, har da gayyatar suna. Kai da lambobinka ba za ka bari a tsallake ba."

Na ƙirga saƙonnin safiyar da suka riga ta. Takwas ɗin ne.

Wayar ta sake ƙara. Mijin ne, muryarsa ta dushe, yana tambaya ko sun taso. Na kasa ce masa takardar na gabana. Na cire ta, na ari keken maƙwabci, na tafi da tef ɗin awo a wuyana.

Na sami yayyenta biyu a gida, suka garzaya asibiti. Ta rayu, amma sai da ta yi kwana tara a kwance. Masinjan kuwa an riƙe shi a ofis ne, ana jiran sabon kwamishina.

Ƙusa ukun na bar su. Sai dai tun daga ranar nake rubuta lokaci a kowace takarda, in duba su duk kiran sallah.

Kai mai karatu, ina roƙonka: in an bar maka saƙo, tambayi wa zai kai shi, kuma ƙarfe nawa, kafin ka zauna.