Mangwaron Habu a Bakin Kududdufi

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar taubashina Malam Ɗanjuma, kuma har yau mutumin nan bai bar ni na huta ba. Allah Ya jiƙansa, amma gaskiya ya tafi ya bar min rigima.

Ni karatuna a aji uku ya tsaya, don haka masu ilimi su yi haƙuri da rubutun. Wajajen samun 'yancin kai, akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu a Birnin Kudu, filin gadon su Ɗanjuma ne, nan ake haƙar ƙasar gini, nan kuma ruwan unguwa yake gangarawa. Sai Ɗanjuma ya tsiro da wata ɗabi'a: duk gidan da aka yi suna, ya je bakin kududdufin ya dasa itace, ya laƙaba masa sunan jaririn. Ga tsamiyar Ladi, ga darbejiyar Isa. Kada ku ɗauka hangen nesa ne. Inuwar yin dara yake nema, ni shaida ne. Nakan ce, “Ragon suna ya fi ƙarfinka, ka koma rabon itatuwa?” Sai ya ce, “Naka ragon yana ina? Ai tun jiya aka cinye.”

Da kuɗin mai suka shigo, siminti ya kori ƙasa, mutanen Kiyako da na Gwaram suka yi ta kwararowa neman fili. Aka cike kududdufai da shara, aka yi gini a kai. Na Ɗanjuma ne ya tsira, don wa zai sare itacen da ke amsa sunan 'yar maƙwabcinsa? Da damina sai ka ga matan unguwannin da aka cike kududdufansu da katifu a ka, ruwa har gwiwa. Namu ruwan kuwa ya gangara gindin itatuwa, ƙasa ta shanye.

To yanzu ga abin da ya hana ni zama. Habu, babban ɗansa, ya kawo masu awo sun kafa turaku, wai shaguna za a jera. Gidana ne a gangare, katangata ta ƙasa ce. In aka cike wurin nan, ruwan ɗakina zai nufa.

Na tare shi. Ya ce, “Baba, gari ya ci gaba, sai haƙuri.” Na ce, “Madalla. Mangwaron can na tsakiya naka ne, ranar sunanka ubanka ya dasa, ni na riƙe masa tulu. Fara da shi, ga gatarina.” Ya dubi itacen ya daɗe, ya sa hularsa ya tafi.

Da Ɗanjuma na nan, na san dariya zai yi, ya ce in zauna mu yi dara. Bai bar bene ba, bai bar mota ba, sai itatuwa masu sunan mutane. Turakun nan ba a tumɓuke su ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Gatarin dai na jingine shi a jikin mangwaron, kullum da safe sai na leƙa. Har yau yana nan, ya fara tsatsa.