Wanda ya biyo Hadiza daga lekol

Jiya da azahar, bayan an tashi daga makaranta, ƙanwata Hadiza ta kira ni da wayar wata mai ɗinki.

"Yaya, wani mutum kan babur yake bi na tun daga ƙofar lekol. Har yanzu yana waje."

Na ce, "Me ya hana ki rugo gida?"

Ta ce, "A littafin nan mai ban tsoro da kika saya min, da yarinyar ta gudu gida ne mugun ya gane gidansu. Shi ya sa na shigo cikin mata."

Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni wajen mai ɗinkin, mutumin ya ɓace.

Don ta rage zaman hutu kawai na saya mata littafin. Jama'ar Zinder, wane littafi irinsa zan ƙara mata?