Ranar da Garba ya rungume ɗan farinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni a Bagudo: Garba, abokina tun muna yara a Kaoje, ya rasu.



Shekarar da aka samu 'yancin kai aka haifa masa Umaru, shi kansa gemu bai fito masa ba. Muna yi masa tsiya, wai yaro ya haifi yaro. Kunyar ɗan fari kuwa ta kama shi da gaske: bai ɗaukar jaririn, bai kiran sunansa.

Da damina ambaliya ta cinye hanya, zazzaɓi ya kama jaririn har yana sanƙarewa. Uwar na kwance ba lafiya, manya duk suna fadama wajen ceton shinkafa. Likita mafi kusa yana cikin Dahomey, Benin ta yanzu.

Garba ya naɗe yaron cikin rigarsa, ni na kama tuƙin kwalekwale.

Ruwan ranar nan har gobe ina ganinsa a mafarki. Garba na kuka kamar shi ne jaririn, yana cewa, "In yam mutu hannuna, mi za ni ce ma uwatai? Umaru, buɗe ido! Umaru!"

Allah ya raya yaron. Da muka dawo Garba ya ce mini, "Kak ka hwaɗa ma kowa." Daga nan bai sake kiran sunan ba, sai dai "wancan".

Umaru ya girma yana ganin babansa bai damu da shi ba. Ya koma Benin da zama, zuwansa gida sai jefi-jefi.

Watan jiya na je duba Garba a asibiti. Ya turo mini rabin goronsa kamar kullum, ya riƙe hannuna. "In nir riga ka, ka hwaɗa ma wancan."

Tsoro nake ji, wallahi. Ni kaɗai na rage da wannan magana, ga hawan jini, ga shekaru. Ban da tabbacin zan kai sadakar uku. Shi ya sa na rubuta a nan.

Umaru, babanka ya kira sunanka. Da kunnena na ji.

Allah ya jiƙan Garba, ya haskaka kabarinsa. Don Allah ku sa shi a addu'a. Wanda kuma ya san Umaru, ya karanta masa wannan yau, kada ya bari sai gobe.