Itatuwan da Ke Ƙarƙashin Tafki

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ina aiki a ofishin kula da kamun kifi a Yelwa. Takardu biyu muke shiga Tafkin Kainji da su: taswirar tafkin, da wata siririyar takarda da ake gani ta cikinta, mai jajayen ɗigo a duk inda itatuwan da ruwa ya cinye suke tsaye. Sabuwar jiha ta aiko da sabuwar taswira, an sake zana gaɓa da tsibirai. Aka ɗora tsohuwar siririyar a kanta, aka daidaita bakin wani tsibiri, aka rarraba. Ba wanda ya lura tsibirin ya gusa a sabon zane.

Wata rana da hantsi muka nufi wajen Ngaski. Matuƙin jirginmu baƙo ne daga Argungu, bai san ruwan ba.

"Malam, mi takarda ta ce?"

Na ce gabanmu fes.

Ban rufe baki ba wani abu ya karci cikin jirgin, tun daga goshi har gindi. Matuƙin ya kashe inji. Na leƙa, sai ga baƙaƙen rassa dama da hagu, kamu ɗaya ƙasa da ruwa. Ni ko iyo ban iya ba. Muka dinga turawa da filafili, salati kawai nake.

Muna fita na tuna da jirgin ma'aikatan rigakafi. Tun da sassafe suka riga mu tashi, da irin takardar nan a hannunsu.